Sarkin Teku da Jatan Lande

"...lafiya lau, amarya, sai gajiyar mota. Ke dai kin rame. Rashina ne?"

"Rashinka? Tun da na bar gida nake barci har da minshari, tsoho."

Haka suka fara tun daga tasha, haka kuma suka iso bakin teku da la'asar. Ita malamar asibiti ce, wata shida ke nan da aka turo ta aiki garin. Shi kuwa kakanta ne, wanda duk dangi ke kira Sarkin Teku, saboda shekara bakwai da ya yi a nan yana saurayi. A bakinsa ta fara jin akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa. A cewarsa jatan lande ne karin kumallonsa a lokacin, ƙaguwa kuwa sai ta gaishe shi kafin ta shiga tukunya. Yanzu da ƙafa ta yi rauni, wannan labari kaɗai ke tara masa jikoki a tabarma, kuma ta san haka.

Suka zauna a rumfar wata mai gashin kifi. Ruwa yana zuwa yana komawa a hankali, kwale-kwalen masunta na lilo can nesa, hayaƙin gawayi na bin iska. Tsohon ya zuba wa teku ido har ya manta da hularsa da ta karkace.

"Ka gane ta, ko ta canja maka?"

"Ita ta gane ni. Ba ki ga tana rusunawa ba?"

"Kai, tsoho! Kowa ma haka take yi masa."

"Ladabin da na koya mata ne."

Mai gashi ta ajiye faranti: jatan lande manya, jajur, suna tururi, da lemon tsami a gefe.

"Bismillah, angona. Nuna min yadda manya ke ci."

"Ki fara. Ni ba na cin abinci gaban mace marar kunya."

"Haƙoran ne suka ƙare, ka faɗi gaskiya."

"Haƙora huɗu gare ni, kowanne ya fi saurayinki ƙarfi."

Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya kai kan baki, da gashin da ɓawon da komai, ya gartsa. Mai gashi ta kawar da kai tana danne dariya. Jikar ta buɗe baki za ta sako zolaya, sai ta lura bai ma san ana ɓarewa ba. Ta fasa.

"Kaka," ta ce a hankali, "ba ka taɓa ci ba."

Ya tofar da ɓawon a tafinsa.

"Dako na yi, amarya. Daga can inda jiragen ke tsayawa zuwa ɗakin ƙanƙara. Shekara bakwai kwandonsa na kaina, ruwansa na bin wuyana. Na manya ne, mu sai ƙamshi. In na kwanta sai in riƙa cinsa a raina, har na saba da ɗanɗanon da na ƙirƙira."

Tausayinsa ya cika ta, har idonta ya kawo ruwa. Ta ja farantin, ta cire kan, ta zare ɓawon, ta matsa lemo, ta miƙa masa farin naman.

"Ungo. Ashe ɗan dako na aura. An cuce ni."

"Ke kika nace."

Ya sa a baki, ya lumshe ido. Igiyar ruwa ta zo ta koma, wata ta zo ta koma.

"Yaya?"

"Wallahi ban faɗi rabin daɗinsa ba."

Sai wayarta ta yi ƙara. Ƙannenta ne daga gida, sun taru suna ihu: sun isa? Ya ga tekunsa? Tsohon ya daina tauna. Ya kalle ta kallon da bai taɓa yi mata ba, na roƙo.

Ta ɗaga murya. "Ku ƙyale mu! Sarkin Teku na koya min ɓare jatan lande. Ya ce hannuna na ƙauye ne."

Ihun dariya ya cika wayar. Ta kashe.

Tsohon ya gyara hularsa. Ya ɗauki na ƙarshe a farantin, ya yi ta fama da shi har ya ɓare, rabin naman ya tafi da ɓawon. Ya miƙa mata yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Karɓi, amarya. Yau kam kin kayar da ni."