Mati da Allurar Akori-kura

A ƙauyenmu na Rafin Kanya akwai gida mai mutum uku da mota ɗaya: Inna Tabawa, babban ɗanta Barmo mai noman tumatir, da ƙanensa Mati, ƙato ɗan shekara talatin wanda tun da yake bai taɓa cewa "don me?" ba. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Motar kuwa tsohuwar akori-kura ce da ta girme shi, kuma ita kaɗai za ta kai tumatirin Barmo birni ranar Laraba. In ta ƙi, noman ranin bana ya ruɓe a kwando.

Wata rana allurar da ke nuna gudu ta fara rawa, ta haura tamanin, ta faɗo ashirin, alhali tafiyar ba ta canja ba. Barmo na tuƙi ya ce, "Mati, sa mata ido. Kuma ka daina dirowa kafin in tsaya. Sai ta nuna sifili za ka sauka." Mati ya ce, "To, Yaya." Suna tsakiyar gangare allura ta kwanta a sifili. Mutuminku ya buɗe ƙofa ya sauka abinsa. Allah ya sa gonar rogo ce ta karɓe shi. Barmo ya dawo a guje yana salati, ya same shi yana kakkaɓe riga. "Yaya, ai mun tsaya. Kai ne ka ci gaba."

Wata rana kuma giya ta shiga ribas ta maƙale. Barmo ya kira Haladu bakanike, shi kuma ya ce, "Kada ku taɓa komai, ku kawo min ita yadda take." Barmo ya isar wa Mati da saƙon, ya tafi fadama neman mai jan mota. Kafin ya dawo, Mati ya kai ta gareji da baya da baya, kilomita bakwai, ta tsakiyar kasuwar awaki. Kwana uku wuyansa bai miƙe ba. Haladu ya ɗirka wa sandar giya guduma ta saki, ya canja wayar allura, ya ce, "Giyar kuwa tsufa ne, ni ma gwiwata haka take yi." Kai, ƙwararre kenan! Ko durƙusawa bai yi ya leƙa ƙarƙashinta ba, kada riga ta ɓaci. Allura kuwa ta ci gaba da rawarta.

Wata rana, Larabar ce kuwa, Barmo ya miƙa wa Mati makulli da sassafe ya ce, "Ka wanke ta ko'ina. Ba za ta motsa ba sai ta fita tas." Mati ya wanke sama, ya shige ƙasa da soso da toka, ya kankare laka ta shekara ashirin daga jikin akwatin giya. Hantsi ya yi, kwando arba'in na jibge a rana, Mati na ƙarƙashin mota da makulli a aljihu.

"Fito, don Allah! Tumatir zai lalace!"

"Ba ta fita ba, Yaya. Ina gogewa, tana sake ɗigowa."

Ran Barmo ya ɓaci ƙwarai. Inna Tabawa ta yi lallashi, a banza. Sai Barmo ya kwanta zai janyo ƙafar Mati, idonsa ya faɗa kan wurin: baƙin mai na ɗiga daidai inda wayar allura ke shiga akwatin giya. Laka ce ta ɓoye shi duk tsawon nan. Aka ɗauko Haladu a babur, ya kwance, man da ya rage bai cika kofin shayi ba, ɗan haƙorin da ke juya wayar kuma ya cinye. Da sun ɗauki hanya da lodin nan, da giya ta ƙone musu a tsakiyar daji. Haladu ya ce, "Dama na yi zargin haka." Ƙwarai kuwa, Malam.

Aka sa sabuwar robar tare mai da sabon haƙori, aka ɗura mai, tumatir ya isa birni kafin azahar. Barmo ya tsaya a bakin kasuwa, ya kashe mota, ya dafa kafaɗar ƙanensa, idonsa cike da ƙwalla. "Sauka, Mati, ga ta a sifili."

Mati ya dubi allura, ya ƙanƙame kujera.

"A'a, Yaya. Rannan ma haka ta ce."