Ranar da Namadi Jikan Sarkin Fawa Ya Feɗe Injin Ban Ruwa

Bayan ambaton Wanda ya halicci ƙarfe, ya kuma halicci haƙuri, ya wadata bayinsa da na farkon ya tsakura musu na biyun, ku gyara zama ku ji tarihin sadauki ɗan sadaukai, Namadi ɗan Cindo, jikan Nomau Sarkin Fawa, tattaɓa-kunnen Jatau Mai Barho Biyu, wanda aka ruwaito cewa bijimai in sun ji tarinsa daga nesa sai su daina tuƙa. Namadi ginshiƙin Kwarin Maje, dodon raguna, mai raba ƙashi da tsoka ba tare da neman yardar ɗayansu ba! Ni mai ba ku wannan labari a gidan aka haife ni, jininmu ɗaya da shi, saboda haka duk dariyar da za ku yi ku sani ina da kasona a ciki.

Mu mahauta ne tun kaka da kakanni. A ba mu sa da hantsi, kafin azahar mun mai da shi kashi-kashi, tumbi gefe, hanta gefe, har jela ta san inda za ta kwana. Namadi ne na farko a nasabarmu da ya rataye wuƙa ya ɗauki fartanya. Da rani ya kama, ya karɓi fili a fadama bakin rafi, ya yayyafa irin albasa, ya yi kwana arba'in yana lallaɓa shi safe da yamma, 'yan'uwa kuwa suna ta yi masa shaƙiyanci a kwata, inda muke yanka, wai ya bar nama ya koma bauta wa abin da ake barbaɗawa a kan tsire. Ya rantse a gabansu cewa ba zai sake tsayawa a kwata ba sai dai ya zo sayen nama. Ranar Talata da yamma shi da matarsa Atine suka dasa irin kaf, fangali arba'in cif. Kowa a fadama ya san dashe ba ya jiran kowa: in bai sha ruwa washegari kafin rana ta take ba, an gama da shi, kuma Namadi ba shi da wani iri ko ƙwara ɗaya a ajiye.

Abokin gaba a wannan yaƙi shi ne injin ban ruwansa, ja, ɗan gajere, na hannu, mai ƙafa huɗu da tiyo biyu. A gaskiya bawan Allah bai yi wa kowa laifi ba. Yana tashi, yana jan ruwa, sai dai ɗan tari da hayaƙi irin na tsufa. Gambo bakanike ya duba shi ya yanke hukunci uku: a juye baƙin mai a zuba sabo, a goge fulogi, a wanke soson iska da fetur a matse. Ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Malam Namadi, bayan ukun nan kada ka taɓa komai. Ko noti ɗaya."

Ranar Laraba, bayan gari ya waye tangaran, barde ya ɗaura ɗamara ya fito fagen fama, sifana a dama, sukundireba a hagu, galan ɗin sabon mai a hammata, tabarma a kafaɗa, yana tafe ƙasa tana amsa masa, 'yan tsaki suna watsewa daga hanya don girman haibarsa ko don ya kusa taka su. Da isarsa ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin giginya, ya kayar da injin a kai, ya juya kan injin gabas kamar dabbar yanka, ya haƙa ɗan rami a gefe kamar yadda ubanninsa ke yi don jinin yanka. Ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya tsiyayo cikin ramin, ya tsaya a kansa da natsuwa har ɗigon ƙarshe, sannan ya rufe da ƙasa. Ya zare fulogi ya kankare masa baƙi har ya yi ƙyalli. Ya ciro soso ya wanke ya matse. Da a nan ya tsaya ya ƙarasa abin da aka ce masa, da babu tarihi, da albasa ta sha ruwa tun kafin hantsi.

Amma ina! Da ya cire soson nan sai idonsa ya faɗa kan maƙogwaron kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska, buɗe, da ɗan datti a bakinsa. Mu a gidanmu in ido ya ga maƙogwaro, hannu ba ya jiran izinin kai. Noti biyu suka fita. Bayansu ga wasu huɗu suna kallonsa, su ma suka fita. Ya sa yatsa ya bi gaɓa, ya ji inda take da laushi, ya murɗa ta rabu, wani daɗi da ya daɗe bai ji ba ya ratsa shi tun daga wuyan hannu har ƙeya. Tanki ya sauka, salansa ta sauka, murfin igiyar tayar da injin ya buɗe wani dogon ƙarfe mai naɗi ya yi tsalle ya mare shi a kunci, ya ce, "Af, ashe kana da sauran rai!" ya danne shi da gwiwa.

Ana cikin wannan gumurzu sai ga Ilu, maƙwabcinsa a fadama, mai noman tattasai, ya tsaya da babur, nasa injin ɗaure a baya. Ya dubi tabarma, ya dubi sama, ya ce, "Namadi, rana fa tana yi. Ga nawa ka fara shayar da dashen nan, in ya so ka ƙarasa aikinka daga baya. In na tsallaka gonar ƙetare ba zan dawo ba sai magariba."

Gwarzo bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ilu, jikan Sarkin Fawa ba ya barin fiɗa rabi ya tafi aro. Yi tafiyarka, kafin ka kai ƙetare ka ji ƙarar nawa."

Ilu ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tayar da babur ya wuce.

Daga nan sadauki ya kwashi kayan cikin injin a tasa, ya gangara rafi, ya wanke su tas da ruwa da yashi yadda ake wanke tumbi, ya hura kowane rami ya zazzage. Ya dawo ya kasa su a tabarma bisa tsarin da ya gada: notuna wuri guda, manya da ƙanana a haɗe, wayoyi wuri guda, duk abin da yake roba wuri guda. Kashi bakwai ya yi, ba wanda ya fi wani, rabon da ko a watandar salla ba za a yi ƙorafi a kansa ba. Ya miƙe ya riƙe ƙugu yana duban aikinsa da alfahari, har ya waiga ko zai ga masu karɓar kaso.

Abin da ya gani shi ne fangali arba'in, da rana tsaye a kansu, ganyen dashe ya fara sunkuyawa. A lokacin ne wata gaskiya ta sauko masa wadda ta shafi zuriyarmu baki ɗaya. Shekara ɗari da wani abu muna rarraba dabbobi, amma ba a taɓa jin wani daga cikinmu ya mayar da sa yadda ya same shi ba. Ba a koya mana ba, don ba wanda ya taɓa nema. Tsoro na gaske ya kama shi, ya durƙusa a kan tabarma yana ɗaukar noti yana ajiyewa.

Haka Atine ta same shi da azahar, ɗauke da ƙwaryar fura da bokiti. Ta dubi kashi bakwai ta ce, "Maigida, sadaka za a raba?" Ta dubi gonar, fuskarta ta canza, ta ajiye furar, ta ɗaure zani ta nufi rafi da bokitin. Ya daka mata tsawa, "Atine, ajiye bokitin nan, kada ki kunyata ni a idon fadama! Yanzun nan zai tashi." Ta ce, "To, Allah ya tashe shi," ta ci gaba da tafiyarta.

Ya masu sauraro, alƙalami ya gaza bayyana yaƙin mayarwa. An cusa babban noti inda ƙarami ya fito, an ɗaura tanki sau uku an sauke sau biyu, ƙarfen igiya ya sake marin jarumi a ɗaya kuncin don adalci, gumi ya shiga ido, tururuwa suka kawo wa abokin gaba ɗauki ta ƙafar wando, duk da haka barde bai ja da baya ba, har injin ya tsaya da ƙafafunsa yana kama da kansa in an kalle shi daga nesa. Noti uku da wani ɗan zobe suka yi saura, ya ce ai kitse ne, ya zuba su a aljihu. Ya shanya kafireta ta bushe, ya cika tanki da fetur, ya jefa tiyo a rafi, ya kama igiya ya yi kirari: "Ni ne Namadi na Cindo! Tashi ko na tashe ka!" Ya ja, shiru. Ya ja, tari ɗaya. Ya ja har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, yana cewa, "Yau ko ni ko kai!" A ja na talatin da wani abu injin ya girgiza, ya yi atishawa, ya kama ruri.

Ruwa ya fito! Ya bi magudana yana sheƙi, ya shiga fangali na farko, na biyu, na uku. Namadi ya cire hula ya jefa sama, ya yi kuwwa da ta tashi balbelu, yana kiran Atine ta zo ta ga aikin maza. A fangali na huɗu rurin ya koma kuka, kukan ya koma ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe, wani ƙauri ya tashi, injin ya yi ƙas ya tsaya. Ya ja igiya, ko motsi ba ta yi ba. Ya waiwaya gindin giginya, ga galan ɗin sabon mai a tsaye, ko murfinsa ba a fasa ba. Ya zubar da baƙin mai tamkar jini ya rufe rami kamar yadda aka koya masa, kuma a gidanmu daga nan ba a komawa kan maganar jini.

Bai yi kirari ba wannan karon. Ya tsaya yana kallon dashen da ya yi kwana arba'in yana reno, rabinsa ya riga ya kwanta a ƙasa mai zafi, hawaye ya cika masa ido, kunya kuma ta fi hawayen yawa. Ya zubar da ruwan tasar wankin ƙarfe, ya bi sawun Atine zuwa rafi. Ta nuna masa layin da ya fi saurin mutuwa. Suka yi ta hawa da sauka, ita da bokiti shi da tasa, har rana ta faɗi.

Masana tarihin Kwarin Maje sun yi ittifaƙi a kan sakamakon wannan yaƙi: fangali goma sha biyar suka rayu. Huɗu na injin ne, biyu na tasar Namadi, tara na bokitin Atine. Albasar da ta fito kuwa ta yi kyau abin mamaki, manya, jajaye, sai dai tun kafin a cire ta fadama ta riga ta raɗa mata suna. Ranar kasuwa aka ga sadauki ɗan sadaukai, ginshiƙin Kwarin Maje, dodon raguna, zaune a bayan buhu biyu yana kiran, "Ga albasa, ga albasa," mutane suna wucewa abinsu. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce ita an ce mata ta nemi albasar Atine, ko ya san inda ake sayarwa? Ya daidaita hula, ya gyara murya, sannan ya ɗaga ta yadda duk layin zai ji.

"Ga albasar Atine! A matso, ga albasar Atine!"