Bargon Kaka a Tagar Bahago

"Lafiya lau muka yini, in ka cire sanyin da ya kusa ƙarasa ni jiya. Ina ɓarawon yake?"

Kaka ce ta turo ƙofa da sandarta, ta tsaya tana ƙare wa ɗakin jikanta kallo. Ɗakin kuwa ya cancanci kallo. Kiret-kiret na ƙwai ne manne a bango har sama, ga makirufo ɗaure a jikin sandar tsintsiya an sa masa safa a ka, ga tsohuwar kwamfuta a kan tebur mai ƙafa uku da bulo. A taga kuma bargon Kaka ne rataye, an kafe shi da ƙusa.

Bahago ya zare hedifon daga kunnensa. A filin ƙwallon da ke bayan gidansu ya samo wannan suna, saboda ƙafarsa ta hagu da masu tsaron raga ke tsoro. Tun da aka karya masa ita a wani wasa bai sake taka filin ba. Ƙafa ta warke, likita ya ce ya koma, abokai sun yi zarya har sun gaji. Shi dai ya ce yanzu mawaƙi ne. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba ita ce tsoro yake ji.

"Tsohuwa, ba a shiga sutudiyo da sanda."

"Au, sutudiyo ne? Na ɗauka akurki ne. Ina kajin da suka yi ƙwan?"

"Kiret ɗin na kama sauti ne. Ke ina za ki sani, a zamaninku da ƙwarya ake naɗar murya."

"A zamaninmu miji bargo yake saya wa matarsa. Ni nawa mijin sace min yake yi."

"Aro na yi. Kuma in waƙar nan ta fita, bargo goma zan saya miki, har da haƙora sababbi."

"Bar min haƙorana, su biyun nan sun fi muryarka kaifi. Jiya da ka ja wani baiti, mai gyaran famfo ya leƙo yana tambaya ko bututu ne ya fashe."

"Hassada ce. Tun da kika ji 'yan mata za su fara layi a ƙofar gidan nan kika kasa barci."

"Su zo mana. Da tsohuwar zuma ake magani. Wace ce za ta ɗauki mijin da ke yi wa tsintsiya waƙa?"

Bahago ya yi dariya ya ja mata kujera. Ta zauna tana nishi kamar wadda ta yi tafiyar yini, alhali daga ɗakinta zuwa nasa bango ɗaya ne.

"To tun da bargona ke aiki ni ina kwana da sanyi, a ba ni ladana. Sa min in ji."

"Yanzu na gama naɗa, ban ma gyara ba."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sa min."

Ya ɗora mata hedifon a kan ɗankwali, ya danna. Kaka ta lumshe ido tana gyaɗa kai, shi kuma ya harɗe hannu yana jiran yabo, don a ransa ya san waƙar ta yi daɗi. Can sai ya ga kafaɗunta sun fara rawa. Kafin ya ankara ta kece da dariya har sanda ta faɗi.

"Mijina, wannan waƙar ta soyayya ce ko?"

"Ta soyayya ce."

"To wace baiwar Allah ce kake ce wa ta saki ƙwallo ga mutum a gefe?"

"Kunnenki ne ya tsufa."

"Kunnena ya tsufa, amma na'urarka ai yarinya ce. Tambaye ta."

Ya zare wayar hedifon, sauti ya fito fili. Muryarsa ce ke tafiya a hankali, tana lallashin wata masoyiya. Sai aka ji usur daga nesa. Waƙa ta tsaya cak. Sai ga muryar nan dai tasa, amma ta sauya, ta yi zafi: "Saki mana, ga mutum a gefe. Saki. Kai, wannan yaro. Da ni ne, da tuni tana raga." Aka yi ɗan shiru, aka ji ajiyar zuciya, sannan waƙa ta ci gaba daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba.

Bahago ya tsayar da naɗin. Kullum in ya zo gyara, da ya ga layin sauti ya yi tsalle a kwamfuta sai ya yanke wurin ya zubar, yana tsaki wai hayaniyar fili ce ta ɓata masa aiki. Bai taɓa tsayawa ya saurara ba. Ya lalubo naɗin jiya wanda bai kai ga yankewa ba, ya danna. Nan ma shi ne, yana yi wa mai tsaron raga faɗa.

"Wani ne ya shigo," in ji shi.

"Ƙwarai kuwa. Ya shigo, ya ari bakinka, ya fita. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaro." Ta nuna taga da haɓa. "Kuma wanda ke gudun hayaniya, me ya sa ya bar wancan gefen bargon a ɗage, daidai faɗin ido ɗaya?"

"Iska nake sha."

"Me ya sa ba ka naɗa da safe, sai da yamma in an fara wasa?"

"Lokacin muryata ke buɗewa."

"Na ji yadda take buɗewa."

Ya zauna a bakin katifa yana murza ƙwaurinsa, daidai inda tabon yake. Daga bayan bargo ana jin ƙarar ƙwallo da ihun samari, kuma a karon farko bai yi kamar bai ji ba. Kewar abin ta taso masa.

"Kaka," ya ce a hankali, "har yanzu ina jin ƙarar da ƙashin ya yi."

Tsohuwa ta daina dariya.

"Na sani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ƙafar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Wa ya zauna da ita tana cikin siminti? Wa ya riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kana ihu kamar jariri? Ban yi jinyarta don ta ƙare a ƙarƙashin tebur tana kaɗa wa waƙa lokaci ba. Waƙarka ka yi abarka, ba laifi, har ta fara shiga kunne. Sai dai kar ka ɓuya a cikinta."

"Kin ce ta fara shiga kunne?"

"Na ce ta fara. Kar ka ƙara gishiri." Ta ɗauki sandarta ta miƙa waje, ta jawo wata leda da ta ajiye a bakin ƙofa, ta tura masa da ƙafa. "Buɗe."

Takalman ƙwallonsa ne, waɗanda ya jefa a kwandon shara ranar da aka sallamo shi daga asibiti. An wanke su, an shafe su da mai, an sa musu sabuwar igiya.

"Ke kika tsince su?"

"A'a, da ƙafarsu suka zo ɗakina. Kullum da yamma ina jin ka ta bango kana koyar da mutanen da ba sa jin ka. Na ce bari in kawo wa malam kayan aikinsa."

Bahago ya riƙe takalman a cinyarsa, idonsa ya cika. Ya tuna daren farko a asibiti, da duk kwanakin da suka biyo baya, bai taɓa buɗe ido ya rasa ta a gefen gado ba. Ya ga ashe bai taɓa yi mata godiya da baki ba.

"Na gode, Kaka. Allah ya bar min ke."

"Amin, amma kar ka jiƙa min su da hawaye, da kyar suka bushe."

Ya yi dariya yana goge fuska, ya zura ƙafar hagu, ya ja igiya ya ɗaure tam.

"Shi ke nan, tsohuwa, kin ci wasa. Ɗaya da nema."

"To zaman me kake yi?" in ji Kaka. "Tashi ka je ka nemo, tun ba a tashi ba."