Baƙo Ɗan Sin a Gidan Mahauci

Lokacin da nake tafinta a kamfanin auduga a Garuwa, na ɗan leƙa falsafar mutanen Sin, sai kaina ya kumbura. Da injiniyanmu ɗan Sin ya amsa gayyatata, na tara mutanen gidanmu na yi musu lacca. Na ce masanan Sin sun haɗa ladabin Konfushiyos da tausayin Buddha ga dabbobi, saboda haka za a rusuna wa baƙo, kuma ba za a kawo nama ba.

Baba, wanda ya tsufa a fawa, ya dube ni. "Baƙo a gidana babu nama? Me za a ce a mahauta?"

"Baba, zurfin ilimi ne," na ce.

Baƙo ya iso, muka yi ta rusunawa kamar masu neman allura. Ya ci kwaɗon zogale cikin haƙuri, sannan ya tambaye ni da Faransanci ina tsiren Baba da direbobi ke yabo, don tsiren ne ya kawo shi.

Ni na fassara wa Baba da bakina.

Yanzu su biyun aminai ne, kullum suna bakin tukuba. Ni kuwa kowace Babbar Sallah sai an miƙo mini kwanon zogale da hannu biyu, a ce, "Ga naka, Malam Buddha."