Yadda Gidan Baba Ndanusa Ya Hau Titi

Jama'a, farar rigata ta tafi. Ranar Talata da safe na fito zan leƙa Kasuwar Kure a nan Minna, na tsaya gaida maƙwabcina Baba Ndanusa, na jingina da bangon gidansa kamar yadda na saba. Ina ɗagowa sai ga bayana jawur, kamar na taya mahauta aiki. Ashe wasu bayin Allah ne suka yi sammako da bokitin jan fenti, suka zabga wa bangon alamar rusau, suka rubuta a ƙasa wai a tashi, titi zai wuce. Ni riga na rasa, shi kuwa dattijon gida ake shirin raba shi da shi.

Baba Ndanusa mutumin Bida ne, yana sayar da shinkafa a Kure tun kafin in yi gemu. Gidan nan ɗaki-ɗaki ya gina shi, duk shekarar da kasuwa ta yi kyau ya ƙara ɗaya. A cikinsa matarsa ta rasu, a cikinsa jikokinsa suke kwana. Na same shi a kan benci ya zuba wa fentin ido.

"Malam," in ji shi, "hanya yana can baya, wajen kwata. Da idona na ga safiyo mai awon ƙasa ya kafa dutse a can. Yaushe gidana ya tashi ya je ya zauna kan hanya? Ni dai ban ji motsi ba."

Titin nan, mai karatu, mun sha alkawarinsa har mun ƙoshi. Duk kakar zaɓe sai an zo an auna shi, an sha lemo, an ɗau hoto, an tafi. Bana da muka ji an kafa Kwamitin Shimfiɗa Titunan Unguwa har kabbara muka yi. Ba mu san a kan maƙwabcinmu za a shimfiɗa ba.

Na canza riga, muka tari keke sai ofishin kwamitin. Can muka sami Ranka Ya Daɗe Babban Mai Riƙe da Linzamin Kwamfuta, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Ya juyo mana da fuskar kwamfuta. Ya ce sun karɓo fayilolin taswirar da masu ƙidaya suka yi, inda kowane gida ya fito kamar ɗan akwati, suka loda su a manhajar taswira, suka ɗora zanen titi a kai. Ga jan layi nan kuwa ya ratsa tsakiyar akwatin Baba Ndanusa, daidai inda yake ajiye buhunan shinkafa.

"Baba, kwamfuta ba ta ƙarya," in ji shi. "Ba ta da ɗan'uwa, ba ta cin hanci."

Don ya nuna mana ba ya shakkar kowa, ya kwafe mana fayilolin a filashi, ya ce mu kai wa duk wanda muka ga dama.

Muka ga damar Kafayatu. Jikar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa ce, ta karanta ilimin taswira a jami'a, ta jira aiki har ta gaji, ta buɗe shago a Bosso tana buga wa ɗalibai takardu. Babu wuta, kamar kullum, sai da na je na bi layin mai da galan kafin janareta ya yarda ya yi tari ya tashi. Ta soka filashi, ta duba, ta yamutsa fuska.

"Baba, ina ƙaramin?"

"Wane ƙarami, 'yata? Duk yarana suna gida."

Ta yi dariya ta yi mana bayani. Fayil ɗin taswira ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai babba mai ɗauke da zanen gidaje, akwai mai ɗauke da bayanansu, sannan akwai wani ɗan mitsitsi wanda aikinsa kawai ya gaya wa manhaja da wane ma'auni aka auna ƙasar. Ma'aunin kuwa iri biyu ne a nan. Akwai tsoho wanda safiyo-safiyo suka daɗe suna aiki da shi, wanda tushensa ma a nan yankin Minna yake. Akwai kuma na tauraron ɗan'adam, irin na wayoyinmu. An auna titi da tsohon, an auna gidaje da sabon. Da ɗan mitsitsin ya ɓata, manhaja ta ɗauka duk abu ɗaya ne, sai unguwa kacokan ta zame gefe kusan tsawon filin ƙwallo.

Ni ban gama ganewa ba, amma mai shinkafa ya riga ni.

"Wato an auna da mudu ɗaya, an zo an sayar da wani mudu."

"Shi ke nan, Baba, kun gama karatun."

Ta gaya wa manhajar ma'aunin gaskiya, ta sake lodawa. Muna kallo gidajen suka ja da baya, kowanne ya koma mazauninsa. Akwatin Baba ya sauka daga titi lafiya lau. Dattijon ya cire hula ya share fuska, ni kaina sai da idona ya ciko, don na san abin da gidan nan yake a wurinsa. Jan layin ya koma bayan unguwa, wajen kwata, inda ya faɗa tun farko. Sai dai yanzu ba fili ne a wurin ba. Layin ya shiga ta ƙofar wani ƙaton gida mai katanga kamar ta kurkuku, ya fita ta bayansa. Gidan hutawar Mai Girma Garkuwan 'Yan Kwangila ne, wanda aka gina shekarun baya, dutsen safiyo da kwatar duk aka haɗiye su a ciki.

Washegari muka koma ofis har da Kafayatu. Da ta tambaye shi ƙaramin fayil ɗin, Ranka Ya Daɗe bai yi gardama ba, in ba shi haƙƙinsa.

"Au, waɗannan ƙananan? Ai ni na share su. Filashina ne ya cika da hotunan bikin ƙaddamar da kwamiti, na ga ba su da wani nauyi, na ce tarkace ne."

Ya yi dariya, muka taya shi. Sannan Kafayatu ta nuna masa inda titin ya koma. Dariyar ta tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya matso da fuska kamar zai shige cikin kwamfutar.

"Hajiya, kin tabbata? Kin san fa kwamfuta takan yi kuskure."

Jiya ba ta ƙarya, yau takan yi kuskure. Allah sarki kwamfuta, ita ma ta san manya.

Ba a daɗe ba sanarwa ta fito. Wai bayan zurfafa bincike, kwamiti ya gano unguwarmu ba ta da buƙatar titi a halin yanzu, kuma kwalta tana ƙara zafi, ga shi Minna dama ba sanyi gare ta ba. Kun ji tausayi. Katafilar da za ta iya cin ɗakin tsoho da jikokinsa kafin azahar, ta ga katangar da babu kowa a ciki sai maigadi da dawisu, ta ja birki. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, har yau bai sake ni ba.

Damina ta sauka, muna nan muna cuɗa laka da takalma a hannu. Masu keke sun daina shigowa. Wasu maƙwabta har sun fara yi wa Baba Ndanusa gaisuwar ciki-ciki, wai shi ya kore mana titi.

Shekaranjiya na hango shi ya zagaya baya, ya tsaya yana shafa katangar Mai Girma, inda ruwa ya fara cin gindinta. Ya kira maigadi yana nuna masa wurin.

"Baba, me ya haɗa ku da katangar mutane?" na tambaye shi.

"Malam, yarinyar nan ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka. Amma ba gaskiya ne ya hana a rushe ni ba, wannan bango ne. Ranar da ya faɗi, za su tuna da hanya, kuma ka san ƙaramin fayil ba wuyar ɓata gare shi ba." Ya juya ga maigadi. "Ka gaya wa oga a sa siminti a nan. In babu lebura, ni zan kwaɓa."

To, mai karatu, in za ka yi gini a garin nan, neman takardar fili ba laifi ba ne. Amma ka fara dubawa ko akwai katangar wani babba da za ka riƙa yi wa addu'a bayan kowace salla.