Rasuwar Eriyar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai ciwo saboda yawan ɗaga kai sama, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama kallo a falonmu ba tare da an gayyace shi ba, rasuwar eriyar gidanmu. Ta cika ne ranar da hukumar kula da sadarwa ta rufe tashoshin kyauta, tana tsaye a kan bututunta, tana fuskantar inda Baba ya bar ta.

Marigayiyar ta shigo gidan nan tun ina saurayi. Baba ne ya ɗauko ta a kafaɗa daga kasuwa, ya ɗaure ta a kan wani dogon bututun ruwa a bayan tagar falo. Tun daga ranar ba ta taɓa tambayar kowa kuɗin wata ba. Ta sha rana, ta sha ruwan sama, ta sha kashin tantabaru, ba ta kai ƙarar kowa ba. Amma ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba, tana da nata halin. Iska na kaɗawa sai ta juya mana baya, mai karanta labarai ya rabu gida biyu, shi da inuwarsa, ƙwallo kuma ta zama tagwaye, ka rasa wacce ta shiga raga.

A nan aikin Baba yake. Mahaifina mutum ne mai rowar magana. Tun da ya yi ritaya, kuma Inna ta rasu, sai abin ya ƙaru, har ni da shi mukan wuni a gida ɗaya in ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa mu. Amma da yamma, hoto na lalacewa zai miƙe, ya manta da sandarsa, ya zagaya bayan taga ya kama bututu da hannu biyu. Sai a ji muryar marigayiyar, ƙiiii, ƙiiii, sannan tasa.

"Ya yi?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Yanzu fa?"

"Kun wuce, ku ɗan dawo baya."

"Kai dai har yau ba ka iya kallo ba."

Daga nan hira ta ɓalle. Ya tambayi wurin aiki, ya tambayi ciwon bayana, ya ba ni labarin yadda ya fara ganin Inna, duk yana riƙe da bututu, idonsa a sama. Kusan duk abin da na sani game da ubana, ta tagar nan na ji shi.

Ciwon ajalinta ba tsatsa ba ce, ba kuma tsawa ba. Mai gyaran talabijin ya hau ya duba ta, ya ce in dai don lafiya ce, ita za ta binne mu duka. Daga ofis ciwon ya taso. Kamfanonin waya da na tashoshin biya ne suka gano cewa iskar da marigayiyar ke shaƙa kyauta tana da daraja. Suka je wurin hukuma suka ce a ba su ita, su kuma za su kai intanet mai gudu kowane gida. Hukumar, da yake mai adalci ce, ta kira taron jin ra'ayin jama'a. An yi shi a otal, kamfanonin ne suka kama ɗakin taro, su suka kawo abinci. Jama'ar da ba ta samu shiga ba aka ce ta bi taron ta intanet, wato ta abin da aka taru don a kawo mana. Shugaban hukumar, wanda kafin nan manaja ne a ɗaya daga cikin kamfanonin, ya saurari tsoffin abokan aikinsa cikin natsuwa, ya sa hannu. Wa'adinsa na ƙarewa ya koma tsohuwar kujerarsa, ya same ta da ɗuminta.

Haka tashoshi suka riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ɗauka laifin iska ne. Ya juya, ya ƙara tsawon bututu, har murfin tukunyar matata ya sa aka ɗaura a can sama, ita kuwa baiwar Allah tana ta cigiyarsa a gidajen maƙwabta. Ranar ƙarshe, ana tsakiyar labarai, allo ya koma kamar an watsa masa yashi. Shhhh, in ji marigayiyar, kuma ba ta ƙara cewa komai ba. Baba ya zagaya da bututu har waya ta naɗe shi, yana ta tambaya ko ya yi.

Don kada a ce na ɓoye alheri, intanet ɗin ya iso. Wuri ɗaya ake samun sa a gidan nan, saman rufi, dab da gawar.

Ta rasu ta bar abokin zamanta, talabijin, wanda ko alhini bai gama ba aka haɗa shi da akwatin kamfani, wani ɗan abu mai jan ido da ba ya buɗe baki sai an ciyar da shi duk wata. Ta bar baƙar waya, da murfin tukunya, da tantabarun da ba su san an yi rashi ba. Ta kuma bar Baba.

Akwatin nan hotonsa tangaran, ba ya rawa, ba ya neman taimakon kowa. Baba ya zauna a gabansa, hannaye a cinya, taga a rufe. Muka koma gaisuwa kawai. Ya fara tashi tun ba a gama labarai ba, ya fara rage abinci, sanda kuma ba ta barin hannunsa. Gaskiya na tsorata, don na ga alamar rashin ba a kan eriya kaɗai zai tsaya ba.

Matata ce ta samo magani. Wata yamma ta bi ta bayan talabijin da tsintsiya kamar mai shara, ta sassauta wayar akwatin. Hoto ya ɗauke. Kafin in yi magana Baba ya miƙe, sanda ta faɗi ƙasa, sai ga ƙiiii daga bayan taga. Ya tambaya ko ya yi, matata ta dube ni da waya a hannu, na ce saura kaɗan. Sai da muka yi hirarmu ta ishe mu sannan ta mayar da wayar. Baba ya shigo yana kakkaɓe hannu, ya sanar da mu cewa kamfani ko ba kamfani ba, abin nan sai da eriya. Tun ranar hoto ke ɗaukewa a gidanmu kullum da yamma.

Saboda haka iyalai sun yanke shawarar ba za a sauke gawa ba. A inda ta cika za a bar ta, kuma mai sayen tsoffin ƙarafa da ke ta zarya a ƙofar gida ya yi haƙuri. Za a karɓi gaisuwa a falo da yamma, lokacin labarai. Ana roƙon masu zuwa kada su kalli hannun matata, masu ilimi kuma su haɗiye iliminsu, babu wanda ke buƙatar bayani. Jiya da girki ya riƙe ta, Baba da kansa ya leƙa kicin ya ce, "'Yar nan, lokacin ɗaukewar hoto ya yi fa." In kun ji an yi tambaya ta taga, ku bar ni in amsa.