Aikin Dindindin na Injiniya

"Ni da kake gani, ko a barci aka tashe ni sai in gyara intanet," in ji ƙanin matata, yana kaɗa mukullin babur a yatsa. Abokina, in ka san shi ba za ka yi mamaki ba. Kwas ɗin kwamfuta na sati shida ya shiga, ya halarci sati biyu, ya fito ya raɗa wa kansa Injiniya. A gida kuwa Auta muke ce masa, sunan da ya tsana kamar ciwon haƙori. Ga wata hula da ba ya rabuwa da ita. Tun da na auri yayarsa ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba.

Matata tana da shafi a intanet inda take gwada kayan kicin, ta gaya wa mata gaskiyar kowanne. Ƙarƙashin kowane bayani akwai linki, wato wurin da ake latsawa a faɗa wani kanti. Duk wadda ta bi ta nan ta saya, kantin zai ba matata kamasho. Shekara uku tana wannan fama. Sai ga saƙo daga kantin: za su yi makon rangwame, in masu saye sun zo ta hanyarta za a ci gaba da ita, in ba su zo ba a sallame ta.

Ana gobe za a fara, Injiniya ya leƙa kwamfutarta ya riƙe baki.

"Yaya, wannan linki ne ko igiyar shanya? Wa zai latsa abu mai tsawo haka?"

"Auta, yana aiki. Ka bar min abina."

"Injiniya dai. Zan sa miki gajeru masu sunan shafinki. Mutum na latsawa, shafin zai karkatar da shi zuwa kanti, sumul."

Na yi gyaran murya, ta harare ni, na haɗiye. Ɗan'uwanta ne, kuma autan Mama.

Ya baje tasa kwamfutar a teburin cin abinci, ya nemi shayi, ya nemi a kashe fanka wai tana ruɗa masa tunani. Can sai akwatin zaɓi ya fito: karkatarwa ta wucin gadi, ko ta dindindin?

"Wanne ya fi?" na tambaye shi.

"Yaya, dubi fuskata da kyau. Na yi kama da mai aikin wucin gadi?"

Ya danna dindindin har sai da kofin shayi ya motsa. Linki arba'in da ɗaya kuwa, ya ce malalata ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta umarni guda ya haɗe su duka, ya kwafo wani adireshin kantin da ke buɗe a kwamfutarsa don gwaji, ya liƙa. Ya ga tambarin kanti ya bayyana, ya rufe murfi.

"An gama. Ba sai kun gode ba."

Washegari da hantsi wayar matata ta fara ruri. Ƙawarta ce.

"Ke, na latsa injin markaɗe, ya kai ni wurin maganin sanƙo!"

Matata ta latsa dutsen guga: maganin sanƙo. Ta latsa tukunyar lantarki: maganin sanƙo. Cokula, wuƙaƙe, butar shayi, kowanne sai ya dire kan wata kwalba mai hoton kai yana sheƙi. Ta zauna a bakin kujera. Wallahi na tausaya mata, don na san yadda ta gina shafin nan.

Aka kira Injiniya. Ya iso yana cewa maƙiya ne suka yi kutse.

"Maƙiyan ne suka buɗe shafin maganin sanƙo a kwamfutarka?" na ce. "Ai daga can ka kwafo."

"Wani abokina nake duba wa."

Ya gyara hula, ya goge umarnin, ya ce shi ke nan. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ashe in ka ce wa waya dindindin, ta riƙe ke nan, ba ta sake tambayar shafi ina za ta. Duk matar da ta latsa da safe, wayarta ta haddace hanya. Mako guda cur suna neman tukunya ana miƙa musu kwalba. Injiniya ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, wai aiki ya yi masa yawa.

Ranar da mako ya cika, saƙon kanti ya shigo. Mama ta zo, ta sa aka kira shi don ya ba da haƙuri. Matata ta buɗe saƙon tana jiran sallama. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

Matan nan da suka gaji da ganin kwalba, sai kowacce ta ɗaga ido ta dubi kan maigidanta. Maganin ya ƙare kaf a kantin. Sun ce ba su taɓa sayar da shi haka ba, kuma za su ci gaba da ita.

Nan take Injiniya ya miƙe, ƙirji gaba.

"Kun gani? Dama tsari ne! Na nazarci kasuwa. Ku kuna kallon tukunya, ni ina kallon gaba. Yaya, ki gaya musu ni ne ƙwaƙwalwar wannan aiki."

"Zan gaya musu," in ji ta. "Dama sun ce in yi cikakken bayani a kan maganin, da hoton mutum na gaske, kafin ya fara shafawa da bayan ya shafa."

"To sai ki nemo mai sanƙo."

Mama ta miƙa hannu ta zare hular. Hasken taga ya sauka a kan, ya dawo mana a ido. Matata ta ɗaga waya.

"Tsaya daidai, Injiniya. Kai ne hoton farko."

"Yaya, don Allah! To in na shafa ya tsiro, za ki cire hoton?"

"Haba, Auta," ta ce, ta ɗauka ƙyas. "Mun yi kama da masu aikin wucin gadi?"